Zalɓen da ya tsage cikin kwana uku

Ƙanwata ta shigo da kwali a hannu, ta ajiye shi a gabana a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Yaya, yumɓun nan ba shi da kyau. Cutata aka yi." Na ɗaga tsumman da ta rufe shi da shi. Zalɓe ne, tsawonsa santimita 28 daga yatsu zuwa ka, ya lanƙwashe wuya kamar yana haƙon kifi a bakin ruwa. Gaskiya hannunta ya iya. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli zalɓe zai gane tsayuwar nan tun daga nesa.

Sai dai jikinsa ya yi kaca-kaca. Wata babbar tsaga ta taso daga ƙirji ta bi ta ƙarƙashin ciki har gindin wutsiya, faɗinta ya isa farce ya shiga. Wuya ya tsage zobe-zobe a wuri uku. Fiffiken hagu ya ɗago, taɓa shi kawai na yi ya faɗo a tafin hannuna. A cinyoyi kuma wani jan tabo ya fito daga ciki, kamar jini ya tsattsafo ta bandeji. Kwana uku ke nan da gama shi.

Kyauta ce ta yi niyyar ba wa wata ƙawarta da za ta yi tafiya, saura kwana goma. Tare da zalɓen ta yi ganyaye goma sha biyu na ratayewa, su ma duk sun kantare, babu wanda ya kwanta daidai a kan tebur. Na ga ya kamata in rubuta labarin wannan tsuntsu dalla-dalla, domin kusan duk kuskuren da sabon hannu yake yi da yumɓu mai bushewa da iska ya taru a jikinsa, har da kuskurena ni da aka kawo wa ƙara.

Abin da ke cikin ledar

Kafin a kama mai laifi sai a san halin wanda ake zargi. Abin da ake sayarwa da sunan yumɓu mai bushewa da iska iri-iri ne. Akwai mai nauyi, wanda aka haɗa da garin ƙasa ko na dutse, da zaren takarda, da abin da zai riƙe su. Shahararre a wannan layi shi ne DAS, wanda wani Ba'italiye, Dario Sala, ya ƙirƙiro a 1962, daga sunansa ma aka ciro sunan. Akwai La Doll na ƙasar Japan, mai laushin gari, wanda masu yin 'yar tsana suke so saboda yana karɓar samfefa. Akwai marar nauyi mai kama da soso, irin Model Magic na yara. Akwai kuma wanda mutane suke dafawa da kansu da sitaci da farin gam, wanda ya fi sauran motsewa idan ya bushe. Duk waɗannan daban suke da yumɓun roba irin Fimo, wanda ba ruwa ne a cikinsa ba, sai an gasa shi a digiri 110 yake tauri. Na ƙanwata fari ne mai nauyi, na kilo ɗaya, irin na farko.

Abin da ya haɗa su ɗaya ne: ruwa ne yake sa su laushi, fitar ruwan ce take sa su tauri. Ƙwayoyin yumɓu faya-faye ne ƙanana da ido ba ya gani, ruwa yana kwance a tsakaninsu, shi ya sa suke zamewa a kan juna idan ana murzawa. Idan ruwan ya fita, sai su matso kusa da juna, abin gaba ɗaya ya motse. Babu yadda za a yi ya bushe bai motse ba. Kuma tunda ba ya shiga wuta, bai taɓa zama tukunya ba. Yumɓun magina idan zafi ya kai tsakanin digiri 450 zuwa 600 yakan rabu da ruwan da ke ɗaure a cikin halittarsa, daga nan ba ya komawa laka har abada. Wannan kuwa ko shekara goma ya yi a bushe, aka jiƙa shi, zai saki jiki.

Yadda ta gina shi

Na ce ta ba ni labari tun daga farko, kada ta tsallake komai. Ta ce ta san dogayen ƙafafu ba za su ɗauki jiki ba, don haka ta yi masa ƙwarangwal. Ta warware abin rataye riga na ƙarfe, ta lanƙwasa shi ya zama ƙafafu da wuya. Don kada yumɓu ya ƙare, ta cusa wata 'yar kwalbar turare da ta ƙare a matsayin ciki, ta ɗaure ta da wayar. Sannan ta lulluɓe komai a zama ɗaya, daga la'asar zuwa dare. Inda ƙirji yake buƙatar tudu ta ƙara, ta ƙara, har ya yi yadda take so. Fikafikai ta yi su daban, ta manna, ta shafe bakin da yatsa. Duk inda ta ga 'yar tsaga tana aiki, ta tsoma hannu a ruwa ta goge har ya yi santsi yana ƙyalli. Da ta gama ta tsayar da shi a bakin taga, ta kunna masa fanka.

Ina jin fanka na ce shi ke nan, an gama shari'a. Na yi mata dogon bayani a kan yadda iska take busar da fata ta bar ciki ɗanye. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Yaya, me ya sa kan bai tsage ba? Shi ya fi kusa da fankar." Na duba. Kai da baki lafiya lau, ko layi babu. Na yi shiru, domin tambayar ta fi bayanina.

Sai na ɗauko wuƙa na ce ta yi haƙuri, tsuntsun nan ya riga ya mutu, bari mu ga abin da ya kashe shi. Na bi babbar tsagar na ɓare ƙirjin. Kaurin yumɓu a nan ya kusa santimita uku, kuma bayan ɓawon waje mai tauri, cikinsa ɗanye ne sharaf, yana karɓar yatsa. A ƙarƙashin ciki kuwa kaurin bai wuce milimita huɗu ba, kwalbar tana leƙowa. Tsagar ta bi daidai layin da mai kauri ya haɗu da siriri. Wayar da ke cikin cinya ta yi tsatsa, ita ce jan tabon. Kan da bai tsage ba, da na fasa shi, babu komai a cikinsa sai yumɓu zalla, wayar ta tsaya a ƙarshen wuya.

A nan amsar take. Duk inda akwai abu mai tauri a ciki ya tsage, inda babu ya tsira. Yumɓu yana son motsewa, kwalba ta ce ba ta san zancen ba. Na auna kewayen cikin da zare, ya kai santimita 20. Idan yumɓu zai motse da kashi biyar cikin ɗari, santimita ɗaya cur ke nan ta ɓace daga wannan kewaye. Rigar ta tsuke, mai rigar bai rame ba, dole ta yage, kuma za ta yage ne ta inda ta fi rauni. Haka wuya: yumɓu ya ja da baya a tsawon waya, wayar tana nan yadda take, sai ya yanke kansa gunduwa-gunduwa kamar dutsen wuya a zare.

Fanka tana da nata kason, ban wanke ta ba. Ita ta sa siraran wurare suka bushe a daren farko suka daina motsi, alhali ƙirji yana ci gaba da ja har kwana uku. Ruwan da ta riƙa shafawa ma ya ƙara: fatar da ta sha ruwa fiye da ciki ta fi shi motsewa, shi ya sa ƙananan layuka suka cika baya kamar busasshen tafki. Fiffike kuwa bai taɓa haɗuwa da jiki ba. Santsi biyu ne suka jingina da juna, aka rufe bakinsu da siririn yumɓu, da kowanne ya ja nasa wajen sai suka rabu. Amma da a ce fanka ce kaɗai, gyara zai yiwu. Kwalbar ce ta sa ba zai gyaru ba, domin ko an cike tsagar, ɗanyen da ke ƙirji bai gama tafiyarsa ba, zai sake buɗe ta.

Don kada ya zama maganar baki kawai, muka yi ɗan gwaji da ragowar yumɓun. Muka murza sanda ɗaya, muka yi mata alama biyu da tsinke, santimita 10 tsakaninsu. Muka lulluɓe murfin kwalbar da yumɓu, muka lulluɓe dunƙulen takardar alminiyam mai girma ɗaya da shi, kauri ɗaya, muka ajiye su a inuwa nesa da fanka. Bayan kwana uku tazarar sandar ta koma tara da rabi. Na murfin ya tsage duk da inuwar. Na alminiyam yana nan garau. Ƙanwata ta daɗe tana juya su a hannu, daga ranar ban sake jin ta zagi yumɓun ba. Ni a ganina duk wanda ya buɗe sabon irin yumɓu ya fara yin wannan sanda kafin komai, domin kowane iri da yawan motsewarsa, kuma abin da aka rubuta a jikin leda ba ya kai abin da rula ta nuna maka.

Zalɓe na biyu

Ba mu jira gwajin ya nuna ba, ran nan muka fara sabo, domin kwanaki suna tafiya. Waya ta alminiyam muka samo, mai kaurin milimita biyu, wadda ba ta tsatsa kuma tana lanƙwasuwa da hannu. Kowace ƙafa waya biyu muka murɗe tare, muka bar santimita biyu a ƙasa, muka huda ɗan guntun katako muka cusa su da gam. Wannan katako shi ne ƙasar da tsuntsun zai tsaya a kai, kuma shi ake riƙewa ana aiki, hannu ba ya taɓa ɗanyen jiki.

Ciki muka yi shi da takardar alminiyam. A nan akwai abin lura. Idan aka matse ta ƙam ta zama kamar dutse, an koma gidan jiya. Idan aka bar ta sako-sako, jiki zai lotsa a ƙarƙashin yatsa. Ana so ta riƙe siffa amma idan aka danna da ƙarfi ta ɗan ba da kai. Kuma da ita ake fitar da siffar duka: tudun ƙirji, gangaren baya, kumburin cinya, har lanƙwasar wuya. Ƙanwata ta ɓata kusan awa biyu a nan tana gunaguni, wai ita yumɓu ta zo yi ba naɗin takarda ba. Na ce mata duk tudun da ba ta yi da alminiyam ba, da yumɓu za ta yi shi, kuma ta ga abin da tudun yumɓu ya yi wa na farko. Bayan nan muka naɗe komai da salatif na takarda, har wayar wuya da ta ƙafa, saboda yumɓu ba ya kama santsin ƙarfe, amma yana kama takarda, kuma naɗin yana ba shi ɗan wurin numfashi.

Shafin farko siriri ne, milimita uku zuwa huɗu ko'ina. Ta murza yumɓun da kwalba a tsakanin sanduna biyu masu kauri ɗaya, ta yanka shi falle-falle ta lulluɓa, tana danne bakin kowane falle a cikin na kusa da shi. Ba a neman kyau a wannan shafi. Na ma hana ta gogewa, domin kaushin shi ne abin da shafi na biyu zai kama. Ruwa kuma na ɗauke kofin daga gabanta, na ba ta jiƙaƙƙen soso a faranti, ta taɓa yatsa a kai kawai.

Da ya bushe bayan kwana biyu, sai ga 'yan layuka a wuya. Ta kira ni a firgice. Na ce wannan ana sa ransa, shi ya sa ake yin shafi biyu. A nan tsohon zalɓen ya yi amfani: muka farfasa busassun ɓaraguzansa, muka jiƙa a ɗan ruwa, da safe sun zama taɓo, muka ɗiga farin gam kaɗan muka dama. Ana ɗan buɗe tsagar da tsinke, a jiƙa bakinta da burushi, a cusa taɓon har ciki. Idan aka shafa a sama kawai, an rufe mata ido ne, za ta dawo.

Shafi na biyu da fikafikai sun bi hanya ɗaya. Busasshen wuri a jiƙa shi tukuna, in ba haka ba zai tsotse ruwan sabon yumɓu nan take ya tunkuɗe shi. A karce fuskokin biyu da tsinke gicciye-gicciye, a shafa taɓo, a danna har ya ɗan fito ta gefe, sannan a murza siririn yumɓu kamar igiya a kwantar a bakin haɗin a shafe shi ɓangare biyu. Gashin tsuntsun ta zana shi ne washegari, lokacin da jikin ya yi taurin fata, ba ya manne wa hannu amma farce yana shiga. A wannan hali zane yake fita tsaf ba tare da bakinsa ya tattare ba. Ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa ba mu sa musu yumɓu sosai ba, zare muka naɗa da gam, muka shafa taɓo sau biyu.

Busarwa ta zama ta haƙuri. Muka kifa masa babbar leda wadda ba ta taɓa jikinsa, muka bar ƙasanta a buɗe. Baki da yatsu, da yake su ne sirara, muka naɗa musu 'yar leda tasu daban don su jira jiki. Kwana biyu a haka, sannan aka huda ledar, sannan aka cire ta.

Ganyayen

Nasu bai da wuya. Sama ta sha iska ta motse, ƙasa tana manne da tebur a jiƙe, sai gefuna suka ɗago. Ta sake su da kaurin milimita biyar, ta huda ramin zare da bututun biro tun suna ɗanye, nesa da baki kaɗan, ta shanya su a kan raga tana juya su safe da yamma. Da suka yi taurin fata ta jera su tsakanin takardu ta ɗora littafi. Goma sun fito a miƙe, biyu sun ɗan karkace, ta ce ganye dama ba ya miƙewa.

Inda muka saɓa

A kwana na tara zalɓen ya yi fari tas, ana ƙwanƙwasa shi yana amsawa. Ta zo da fenti. Na ce ta kara shi a kumatunta. Ƙirjin yana da sanyi, wuya babu. Sanyin nan alama ce ruwa yana fita har yanzu. Masu wannan aiki sukan ƙiyasta awa 24 ga kowace santimita ta kauri, amma wannan lissafin ɗaki mai bushewa ne, kuma mu da gangan muka rage masa gudu. Abin da na fi yarda da shi sikeli ne. Tun ranar da aka cire leda muke ɗora shi a kan ƙaramin sikeli kowace safiya muna rubutawa, kuma a ranar ya ragu da giram huɗu a kan na jiya. Muddin nauyi yana sauka, bai gama ba.

Ta ce, "Yaya, gobe za ta tafi fa. Giram huɗu ne zai hana ni?" Na ce fentin akirilik da banish fata ce ta roba, idan ta rufe ruwa a ciki zai nemi hanya, ko fentin ya yi ƙuraje ya ɓare, ko fumfuna ta tsiro a ƙarƙashinsa. Ranta bai so ba, har ta ce da ta sani da ba ta kawo mini ba. A ƙarshe ta yi wa ganyayen fenti a daren, tunda su sun bushe, ta kai wa ƙawarta su da hoton zalɓen a waya, da alkawarin aika shi. Har yanzu ban tabbata da ta shafa fentin a ranar zai lalace ba. Mai yiwuwa ya tsira. Amma na ga wanda bai tsira ba, kuma aikin kwana tara ne a kan tebur.

Nauyin ya tsaya a kwana na goma sha biyu, muka ƙara masa kwana ɗaya. Ta goge shi da samfefa mai laushi a waje, da ƙyalle a hanci, domin ƙurar yumɓu ba abin shaƙa ba ce, ta share garin da busasshen burushi. Ta fara da farin shafi na share fage sau biyu, wanda yake toshe ƙofofin yumɓu don kada ya shanye launi. Sannan toka-toka a baya, fari a wuya, baƙin layi daga ido zuwa ƙeya, rawaya a baki, kowane shafi siriri kuma ba a cika masa ruwa ba, don jiƙaƙƙen burushi yana iya tayar da fatar yumɓun. Banish marar ƙyalli sau uku, har ƙarƙashin ciki da tsakanin yatsu, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, danshi ma haka. Duk da haka ta rubuta wa ƙawar 'yar takarda a cikin kwalin: kada a wanke shi, kada a ajiye shi a waje ko kusa da ruwa, ƙura a share ta da busasshen tsumma. Banish yana kare shi daga yayyafi da jiƙaƙƙen hannu, ba ya mai da shi tangaran.

Wata huɗu bayan nan ƙawar ta aiko da hoto. Wani siririn layi kamar gashi ya fito a gwiwar dama. Wannan ba na bushewa ba ne. Wayar alminiyam tana da ɗan lilo, duk lokacin da aka ɗaga tsuntsun ta jiki maimakon ta katako, ƙafa tana rausayawa, busasshen yumɓu kuwa ba ya rausaya. Da waya uku muka murɗe, ko muka ƙara kaurinta, da wataƙila bai fito ba, kuma ni na zaɓi wayar. Ƙanwata ta gaya mata ta ɗiga farin gam da tsinke, ta taɓa fenti a kai, ta riƙa ɗaukarsa ta gindi.

Kan tsohon zalɓen, ɓarin da ya rage, yana kan teburinta tana danne takardu da shi. Da na leƙa ta makon jiya na tarar tana matsa takardar alminiyam tana gwada taurinta da babban yatsa. Na ce me ake ginawa? Ta ce kunkuru.